Kayan Ban Ruwan Ɗigo-ɗigo Na Bokiti: Tiyon Ya Yi, Bokitin Ne Ya Yi Kaɗan

A gidan da ake sayen ruwa a hannun 'yan garuwa, ko ake jansa da guga, ba kasafai ƙwari ko rashin taki ke kashe lambu ba. Ruwa ne ke kashe shi. Ana yin dashe a watan Nuwamba cikin marmari, zuwa Maris zafi ya kankama, mai ban ruwa ya gaji, tumatir ya yi yaushi ya fara zubar da fure. Don maganin wannan aka yi ƙananan kayan ban ruwa na ɗigo-ɗigo da ake sayarwa a leda ɗaya a shagunan kayan noma, waɗanda ke aiki da bokiti ba tare da inji ko lantarki ba. Kayan sun ci kuɗinsu. Sai dai maganar da ake yi wa mai saye, cewa bokiti biyu a rana sun ishe shi, maganar hunturu ce kawai, ba ta kai bazara.

Abin da ke cikin ledar bai da yawa. Akwai tiyo baƙi mai laushi, shimfiɗaɗɗe kamar ɗamara, faɗinsa milimita 16, yawanci layi biyu masu tsawon mita 15 kowanne. A jikinsa akwai idanu, wato ƙananan hudojin da ruwa ke ɗigowa, tazarar santimita 30 tsakaninsu, kimanin ƙafa ɗaya ke nan, jimilla ido 100. Sai matata, wadda masu shago ke kira filta, da zoben roba mai toshe bakin hudar bokiti, da ɗan gajeren tiyo mai kauri da ke saukowa da ruwa ƙasa, da mahaɗai. Wasu na zuwa da kan famfo na buɗewa da rufewa, wasu babu. Bokitin mai lita 20 galibi mai saye ne zai nemo shi.

Dabarar ba sabuwa ba ce. Kamfanin Netafim na Isra'ila, wanda aka kafa a 1965, na cikin na farko da suka sayar da ita a matsayin kayan kasuwa, kuma Richard Chapin na Amurka ya yi suna wajen rage ta zuwa girman bokiti don masu ƙaramin fili. Cibiyar binciken noma ta ICRISAT da ke Sadore, kudu da Yamai, ta daɗe tana gwada irin wannan ban ruwa mai tafiya da nauyin ruwa kawai a ƙasar jigawa irin tamu.

Haɗawa ba ta cin fiye da awa biyu idan an riga an gyara fangalin. Ana so ya zama mai faɗin mita ɗaya, a baje shi sosai, a cakuɗa ruɓaɓɓen takin gida tun kafin a shimfiɗa tiyo, domin bayan an shimfiɗa fartanya ba ta da sauran shiga. A huda bokitin a gefe, kamar yatsu biyu sama da gindinsa, ba a gindin kai tsaye ba, don laka ta sami wurin kwanciya. A ɗora shi a maɗori yadda gindinsa zai yi aƙalla mita ɗaya sama da ƙasa. A ja layukan biyu da tazarar santimita 50 zuwa 60, idanun suna kallon sama. Mutane da yawa na kifa su ƙasa da tunanin ta nan ruwa zai fi saurin fita, alhali ƙasan tiyon nan ne dattin ke kwanciya, shi ya sa idon da aka kifa ke saurin toshewa. Kafin a rufe ƙarshen layi a saki ruwa ya wanke cikinsa na minti ɗaya ko biyu, sannan a naɗe bakin sau biyu, a zura masa guntun tiyo kamar zobe. Kada a ƙulla shi, za a riƙa buɗewa. Wanda tsakar gidansa bai kai mita 15 ba ya yanka tiyon gida huɗu, mita bakwai da rabi kowanne. Hakan ma ya fi, don gajeren layi ya fi raba ruwa daidai.

Tsayin mita ɗaya ba wani ƙarfi yake bayarwa ba, kashi ɗaya cikin goma ne na ƙarfin da aka auna yawancin tiyon da shi a masana'anta. Saboda haka idon da aka rubuta yana ba da lita ɗaya da rabi a awa, a ƙarƙashin bokiti kusan rabin lita zai bayar, bokitin kuma ya ƙare cikin kimanin rabin awa. Wannan ba aibi ba ne, haka ake so. Inda ake faɗawa asara shi ne wajen sayen tiyo mai idanu masu daidaita ƙarfin ruwa da kansu. Ya fi tsada, mai shago zai ce ya fi kyau, kuma a babbar gona mai inji gaskiyarsa ce. Amma irin wannan ido na buƙatar tanki mai tsayin mita biyar ko fiye kafin ya yi aikinsa. A bokiti wasu idanun za su ɗiga, wasu su yi shiru.

Yanzu ga lissafin da ya kamata kowa ya yi kafin ya biya kuɗi. Lita 20 a raba wa ido 100, kowane ido ya sami mililita 200, ƙasa da rabin ledar fiya-wata. Idan an dasa tumatir a kowane ido na biyu, tazarar santimita 60, za a sami gindi 50, kowanne na shan ido biyu. Bokiti biyu a rana ya ba kowane gindi mililita 800. Ga sabon dashe a Disamba wannan ya wadatar har da saura. Amma tumatir da ya rufe ƙasa ya ɗauki 'ya'ya, a zafin Maris da Afrilu a Kano ko Sakkwato ko Damagaram, lokacin da ma'aunin zafi ke haura 40, yana shan lita ɗaya da rabi zuwa biyu a rana. Ta wata hanyar, kowace murabba'in mita na lambu mai ganye cike na zubar da kusan lita 7 a rana ta ganye da ƙasa, fangali mai murabba'in mita 15 kuwa ya kai lita 100 da ɗoriya. Bokiti biyar ke nan, ko jarka huɗu masu lita 25. Wanda ya tsaya a kan bokiti biyu zai ga fure na zuba, 'ya'ya na ƙanƙancewa, gindin tumatir na yin baƙi yana lotsawa. Wannan baƙin ba cuta ba ce da feshi zai magance. Kalsiyam ne, wani sinadarin abincin shuka, bai isa cikin ɗan ba, saboda ruwan da ke ɗaukarsa daga saiwa yana yankewa, kuma mutane na ta ɓarnar kuɗi a kan maganin feshi saboda shi.

Ɗaga bokitin ruwa sama da kafaɗa sau biyar a rana wahala ce da ba kowa zai jure ba, ballantana mace ko dattijo da ake cewa don su aka yi kayan. Gyaran shi ne a ajiye bokitin a sa durom na roba mai lita 200, tiyon da matatar duk ba sa canzawa. Cika ɗaya ya kai kwana biyu a bazara. A nan kan famfo ya zama dole, don a saki rubu'in durom da sassafe, a saki wani rubu'in bayan la'asar. Durom cike nauyinsa ya kai na buhun siminti huɗu, don haka maɗorin ya zama na bulo da siminti, ba katako huɗu da ƙusa ba, musamman a gidan da yara ke wasa. A rufe shi da murfi mai ƙarfi. Kuma a tabbatar da abin da aka taɓa zubawa a ciki, durom ɗin da ya ɗauki maganin ciyawa ko sinadarin masana'anta ba na lambun abinci ba ne.

Idan ruwa ya isa, aikin kayan abin yabo ne ƙwarai. A ƙiyasin da masana ban ruwa ke aiki da shi, kusan kashi 90 cikin 100 na ruwan ɗigo na isa ga saiwa, na kwarara a ƙasa kuwa kusan kashi 60. Ana ganin hakan da ido: da'irar danshi kamar faifai a gindin kowace shuka, tsakanin layuka kuma a bushe ƙurmus, ciyawa ba ta samun abin sha. Ganye ba ya jiƙa, don haka cututtukan tabo da ke bin jiƙaƙƙen ganye suna raguwa. Ƙasa ba ta yin ɓawon nan mai tauri da kwarara ruwa da hannu ke bari. Idan aka lulluɓe tiyon da busasshiyar ciyawa ko ɓuntun shinkafa mai kaurin yatsu uku, ruwan da ake buƙata ya ƙara raguwa, tiyon kuma ya tsira daga rana. Ba tare da lulluɓi ba, ruwan da ya zauna cikin baƙin tiyo da tsakar rana yana zafi har ya yi wa ƙaramin dashe illa, shi ya sa ba a buɗe famfo da azahar.

Babban raunin kayan toshewa ce, kuma iri uku ce, kowace da kamanninta. Ta farko laka da yashi daga ruwan rijiya ko na kura. Maganinta a ɗaure tsumma mai tsabta a bakin bokitin a riƙa tace ruwan tun wurin zubawa, a cire matatar a ɗauraye kullum ko bayan kwana biyu, a buɗe ƙarshen layuka sau ɗaya a mako har ruwa ya fito garau. Matatun da ke zuwa cikin ledar masu arha sau da yawa ragarsu ta yi faɗi ko bakinsu na yoyo. Gara a ƙara kuɗi a sayi mai lamba 120, wato lambar ƙanƙantar hudojin ragar, ita ce daidai da irin waɗannan idanu. Ta biyu gansakuka, kore mai yauƙi, tana fitowa a farin bokiti ko wanda aka bari a buɗe rana na shiga. Baƙi ko shuɗin mazubi mai murfi ya raba ka da ita. Ta uku daga ruwan kansa take. Ruwan burtsatse mai ƙarfe yana fitowa fari tas, ya sha iska ya koma ja, ya bar tsatsa a cikin idanu. Irin wannan a tara shi a wani mazubi ya kwana, a kwashi na sama. Ruwan zartsi kuma yana barin farin ɓawo a bakin ido, wanda ke narkewa idan aka jiƙa wurin da ruwan khal. Kada a soka allura ko ƙaya. Cikin idon akwai siririyar hanya mai lanƙwashe-lanƙwashe da ke rage gudun ruwa, allura na fasa ta, idon ya koma tsartuwa, ya ƙwace ruwan na bayansa.

Akwai gwaji mai sauƙi da ya kamata a yi duk wata. A tona ƙananan ramuka a sa gwangwanin madara uku, ɗaya a ƙarƙashin idon farko, ɗaya a tsakiya, ɗaya a na ƙarshe, a saki ruwa minti goma. Idan na ƙarshe bai kai kashi huɗu cikin biyar na na farko ba, ko layin ya toshe, ko fangalin na hawa tudu, ko maɗorin ya yi ƙasa.

Game da taki, kada a narka NPK na buhu a zuba a bokitin. Ba ya narkewa duka, garin da ke saura shi ne ke cika idanu. A binne shi a gefen shuka, cikin da'irar danshi, tazarar yatsu huɗu daga kara. Yuriya ce ke narkewa tsaf: cokalin cin abinci ɗaya a shafe cikin lita 20, sau ɗaya a mako, daga mako na biyu bayan dashe, a bi ta da ruwa zalla. Jiƙon kashin kaji ko na shanu yana da kyau ga shuka amma a zuba shi da hannu, idan ya bi ta tiyo kwana kaɗan zai kashe layin.

Ɓera da gafiya na huda tiyo da rani don neman ruwa, kaji na tona ƙarƙashinsa, akuya kuwa ba sai an faɗa ba. Ajiye kasko da ruwa a gefen lambu na rage ɓarnar ɓera. Wurin da ya huje a yanke shi a haɗa da mahaɗi, salatif ba ya riƙewa a jiƙe. Saboda haka a sayi mahaɗai biyar ko shida na ajiya tun ranar farko, leda ɗaya ba ta zuwa da isassu.

Ba kowace shuka ce ta dace da shi ba. Tumatir, tattasai, attaruhu, yalo, kuɓewa, kabeji, kokwamba da kankana, duk abin da ake dasawa gindi-gindi, ya dace. Abin da ake yafawa kamar alayyafo da karas, da wurin renon iri, suna son danshi ya game fuskar ƙasa duka, don haka butar ban ruwa ta fi musu, aƙalla har su yi ganye huɗu. Ƙasa ma na da ta cewa. A laka ruwan na bazuwa gefe kamar albasa, a jigawa yana nutsewa tsaye kamar karas. Mai jigawa ya nemi tiyo mai tazarar santimita 20, ya yawaita takin gida, ya raba ruwansa kashi uku a rana maimakon biyu. Inda ruwa ke da zartsi za a ga farin gishiri na taruwa a bakin da'irar danshi. Duk bayan mako uku ko huɗu a kwarara ruwa mai yawa da hannu ya tura shi ƙasa da saiwa.

Wajen saye kaurin tiyo ne abin dubawa, ba kyan leda ba. Mai kaurin milimita 0.15 rani ɗaya yake yi, da ƙyar ya ga na biyu. Mai 0.2 zuwa 0.3 yana kai rani biyu ko uku idan an kula da shi. A karanta rubutun da ke jikin tiyon kansa, can ake buga kauri da tazarar idanu da yawan ruwa. Wanda babu rubutu a jikinsa a bar shi. A lanƙwasa ɗan bakinsa a gani, idan ya yi fari a wurin lanƙwasar ko ya tsage, ya daɗe a rana. A sa zoben robar a bakin mahaɗinsa tun a shago a ji ya kama tsam, domin yoyon gindin bokiti daga nan yake farawa.

Da ruwan sama ya zauna a watan Yuni, a buɗe ƙarshen layuka a wanke su, a shanya a inuwa, a naɗe a jikin gwangwani ko guntun katako ba tare da karya shi ba. A sa matata da zobba da mahaɗai cikin ƙaramar leda a ɗaure a jikin naɗin, a rataye duka a ɗaki, sama da inda ɓera ke kaiwa.