Shimfiɗar cikin takalmi: wacce ke rage ciwon ƙafa, wacce ke cin kuɗi a banza

Mai ciwon dunduniya da asuba yake gane kansa. Ya sauko daga gado zai yi alwala, takun farko sai ya ji kamar ƙusa ya taka. In ya ɗan zagaya tsakar gida ciwon ya lafa, in ya zauna ya daɗe ya miƙe ya dawo sabo. Masu shago a Kasuwar Dole ta nan Damagaram da ke wuni a tsaye, malaman makaranta, ma'aikatan jinya, masu kaki, duk sun san wannan ciwo. Da yawansu daga nan sai neman shimfiɗar cikin takalmi, wadda in ka shiga farmasi da sunanta na Faransanci za ka tambaya, semelle. Abin da ke damun mu shi ne yadda ake zaɓenta: a latsa da yatsa, wadda ta fi laushi ita ake ɗauka. Kuɗi da yawa sun salwanta ta wannan hanya, ƙafa kuwa tana nan da ciwonta.

Ƙafa ɗaya tana da ƙashi 26, kuma a jere suke kamar baka. Kwarmin nan na tsakiyar tafin ƙafa, wanda ba ya taɓa ƙasa, shi ne lanƙwasar bakan. Daga ƙashin dunduniya zuwa gindin yatsu akwai wata jijiya mai faɗi da kauri, ita ce tsirkiyar. Duk takun da ka yi, nauyin jiki na danne bakan, tsirkiya ta miƙe, ka ɗaga ƙafa ta koma. In aikin ya yi mata yawa, ko don doguwar tsayuwa a kan siminti, ko ƙiba, ko takalmi marar ƙarfi, sai ta fara gajiya a daidai inda ta kama ƙashin dunduniya. Nan ne ƙusar asuba take. Aikin shimfiɗa mai kyau shi ne ta tallafi bakan daga ƙasa don kada ya riƙa sauka da yawa, ta kuma riƙe dunduniya wuri ɗaya. Abu mai laushi kamar katifa ba ya iya wannan, domin da an hau shi yake kwanciya.

Kafin ka fita saye, san irin ƙafarka. Jiƙa tafin ƙafa, ka taka busasshen siminti ko kwali da dukan nauyinka, ka duba sawun. In ya fito cif, babu wani rami ta gefen ciki, ƙafarka shimfiɗaɗɗiya ce. In tsakiyar sawun ya kai kamar rabin faɗin ƙafa, kwarminka matsakaici ne. In ɗan siririn layi ne kawai ya haɗa dunduniya da gaba, kwarminka mai zurfi ne. Mai shimfiɗaɗɗiyar ƙafa ya ƙara gwaji ɗaya: ya dafa bango ya ɗage a kan yatsu. In kwarmin ya bayyana, ƙafar mai lanƙwasuwa ce, shimfiɗar kanti na iya yi mata. In bai bayyana ba ko kaɗan, kuma akwai ciwo, wannan ta likita ce.

A cikin shimfiɗun kanti, ta soso ita ce ta fi yawa kuma ta fi araha, a teburin masu takalma da hannun masu talla. Shafal take, ba ta da tudu a tsakiya. Ranar farko daɗi, bayan ƴan makonni ka ciro ta ka ga gurbin dunduniya ya lotse ya zama kamar takarda. In takalmi ya ɗan yi maka yawa, ko cikinsa ya yi kaushi, tana da amfani. Ga ciwon kwarmi ko na dunduniya kuwa ba mu ga abin da take yi ba.

Ta jel, mai sheƙi da santsi, ta fi ta soso daraja. Tana shanye dukan ƙasa, don haka tana taimakon dattijon da kitsen dunduniyarsa ya zaizaye, da mai kwarmi mai zurfi wanda nauyinsa ke sauka a wuri biyu kawai. Ƙaramar nan mai kama da kofi, wadda ake sa wa a dunduniya kaɗai, takan kawo sauƙi nan take. Amma tana da aibu uku a garinmu. Ba ta shan gumi, sai ƙafa ta riƙa zamewa a kanta. Tana da kauri, tana cinye wuri a takalmi. Na uku shi ne zafi: a watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Damagaram ke haura digiri 40, takalmin da aka bari a rana a ƙofar masallaci yakan gasu, gam ya saki, ƙyallen saman ya ɓare ya naɗe ƙarƙashin yatsu. Kuma jel zalla ba ta tallafar kwarmi, sai in an dasa mata wani abu mai tauri a ciki.

Wadda muke ganin ta cancanci kuɗinta ita ce mai matsakaicin tauri: ƙasanta roba mai ƙarfi da aka ƙera da siffar tafin ƙafa, samanta siririn soso da ƙyalle. Ita ce kuma aka fi cuta da ita, don akwai masu kamarta da yawa waɗanda tudunsu soso ne kawai. Gane ta ba wuya. Ɗora ta a kan tebur ka danna tudun tsakiya da babban yatsa da ƙarfi. In ya kwanta har ya taɓa tebur, ajiye. Abin da yatsa ya kwantar ba zai ɗauki mutum mai kilo 70 ba. In kuma bai motsa ba sam, kamar itace, zai sa tafin ƙafarka ya yi kanta. Wadda ake so ita ce mai ɗan sauka ta dawo. Sai ka kama ta da hannu biyu ka lanƙwasa: ta karye a gaba, daidai gindin yatsu inda ƙafa ke lanƙwasawa, tsakiyar ta tsaya ƙyam. Sannan duba gurbin dunduniya, ya zama mai zurfi da gefe kamar ƙoƙo, don ya tattara naman dunduniya a ƙarƙashin ƙashi.

Tsayin tudun shi ne inda aka fi kuskure. Mai shimfiɗaɗɗiyar ƙafa yakan ɗauka tudu mafi tsawo ne zai gyara shi, ya saya, kwana biyu ya ji kamar dutse ne a takalmi, ya jefar. Tudu ya bi ƙafa ne yadda take: ƙarami ga mai shimfiɗaɗɗiya, mai tsawo ga mai kwarmi mai zurfi. Ajiye shimfiɗar a ƙasa ka taka ta a tsaye. Ya kamata ka ji ta cika kwarmin daga gaban dunduniya zuwa bayan gindin babban yatsa, ba tare da wani wuri guda yana tokarinka ba. In tudun ya faɗo ƙarƙashin gindin yatsu, lambar ta yi maka girma, kuma yanke gaba da almakashi ba zai matsar da tudun baya ba. Wannan ne ya sa ba mu yarda da masu rubutun lamba 36 zuwa 45 a kwali ɗaya ba. Tsakanin lamba da lamba kusan milimita 7 ne, to ka lissafa tazarar lamba tara.

Masu ƙurajen roba da masu maganaɗisu, waɗanda ake cewa suna zagaya jini suna warkar da ciwon baya da hawan jini, kada ka ba da ko dala. An gwada masu maganaɗisu a Amurka a 2003 kan masu ciwon dunduniya, ba su fi irinsu marasa maganaɗisu da komai ba.

Saura ta awo, wadda ake ɗaukar siffar ƙafar mutum a ƙera masa. Ta fi kowacce tsada, kuma ba kowa ke bukatarta ba. Wani gwaji da aka yi a Ostireliya aka buga a 2006 ya kwatanta ta awo da ta kanti mai tauri a kan masu irin wannan ciwon dunduniya, ya samu amfaninsu kusan ɗaya ne. Ta awo ta waɗanda ƙafarsu ta karkace ce, ko ɗaya ta fi ɗaya tsawo, ko masu ciwon gaɓoɓi, ko masu ciwon sukari da ƙafarsu ta canza siffa. Su sai su fara da likita a babban asibitin Damagaram, shi zai ce ko a ƙera.

Ranar saye, tafi da takalmin da za ka sa ta ciki da safar da ka saba, kuma da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura. Ciro shimfiɗar da takalmin ya zo da ita. Ɗora sabuwa a kan tsohuwa yana matse yatsu ya ɗaga dunduniya ta riƙa fita. Tsohuwar ita ce ma'auni: ɗora ta a kan sabuwa, daidaita su ta dunduniya, zana da biro, ka yanke ta gaba kawai, kaɗan-kaɗan kana gwadawa. A tsaye, a samu kamar faɗin babban yatsan hannu tsakanin dogon yatsa da bakin takalmi. In sau-ciki ne mai matsi wanda shimfiɗarsa ba ta ciruwa, nemi gajeruwa mai tsayawa a gindin yatsu. Ko da ƙafa ɗaya ce ke ciwo, sa a duka biyun, kada ƙugu ya karkace. Rana ta farko awa ɗaya ko biyu, kullum ka ƙara awa guda, cikin mako ɗaya zuwa biyu ka kai wuni. Ɗan gajiya a kwarmi ba komai ba ne. Bororo, ko ciwon gwiwa da ba ka da shi a da, alama ce tudun bai dace ba.

Takalmin kansa rabin aikin ne. In ka murɗa shi ya naɗe kamar tsumma, ko dugadugansa sun cinye ta gefe ɗaya, ba shimfiɗar da za ta cece shi. Ga kuma ɗabi'ar nan ta take bayan takalmi don saurin cirewa lokacin sallah. Da bayan ya kwanta, gurbin dunduniya ya rasa abin jingina, shimfiɗar ta riƙa zamewa baya. Wanda ba zai iya daina wannan ba gara ya nemi takalmi mai roba a gefe. Bayan alwala a tsane ƙafa kafin a sa, domin danshi ne ke kawo wari da ƙaiƙayin tsakanin yatsu, shi ne kuma ke ruɓar da soso. Da dare a ciro shimfiɗar a kakkaɓe rairayi, wanda ke cin ƙyallen kamar faifan goge katako. A goge ta da jiƙaƙƙen tsumma da ɗan sabulu, a shanya a inuwa. Mai sa ta kullum ya sa ran canzawa tsakanin wata 6 zuwa shekara, ko da zarar tudun ya fara kwanciya da danna yatsa.

Gaskiyar magana, yawancin mutanen Damagaram ba rufaffen takalmi suke wuni da shi ba, kuma shimfiɗar kanti ba ta zama a buɗaɗɗe. Nan ne dukawan garin nan ke da amfani. Kai wa baduku takalmin fata mai ƙasa mai ƙarfi, zai fi kyau mai maɗauri a bayan dunduniya. Ya ɗaga fatar sama, ya fere roba irin ta silifa mai ɗan tauri da siffar rabin wata, kauri ta gefen ciki tana sirancewa zuwa tsakiya, ya sa ta daidai kwarmi. A fara da kamar rabin santimita. Ka taka ka zagaya kafin ya shafa gam, don ƙari ya fi ragi sauƙi, kuma bakin robar ya feru sumul. Dunduniyar takalmin ta fi gabansa tudu da santimita ɗaya zuwa biyu. Wannan ya fi dacewa da mata masu wuni a tsaye a tsakar gida da siririn silifa ko ƙafa ba takalmi a kan siminti, su da ciwon ke ci ba su cika faɗa ba.

Shimfiɗa ita kaɗai ba ta cika warkarwa. Kafin ka sauko daga gado, kama yatsun ƙafa ka ja su wajen ƙwauri har ka ji tsirkiyar ta miƙe, daƙiƙa 10, sau goma. Da rana ka dafa bango, ƙafa mai ciwo a baya, dunduniya a ƙasa, ka miƙar da sharaɓa daƙiƙa 30, sau uku. Da yamma ka mirgina gorar ruwa mai ƙanƙara a ƙarƙashin tafin ƙafa minti goma. Ciwon yakan ɗauki watanni, mafi yawa kuma yana wucewa cikin shekara. Ƙaramin yaro mai shimfiɗaɗɗiyar ƙafa da ba ya kukan ciwo a bar shi, kwarmi yakan fito da kansa wajen shekara 6 zuwa sama.

Mai ciwon sukari, ko duk wanda ƙafarsa ba ta ji sosai, kada ya sa mai tauri da kansa. Tana iya goge fata ta yi gyambo bai sani ba. Ya riƙa duba tafin ƙafa kullum, da madubi in ya kama, ya kuma lalubi cikin takalmi da hannu kafin ya sa. Kumburi, ja, zafi a taɓawa, ciwon da ke hana barci, ciwon da ya biyo bayan faɗuwa, kwarmin ƙafa ɗaya da ya sauka a ɗan lokaci ga babba, ko sati 6 zuwa 8 da shimfiɗa da motsa ƙafa ba wani sauƙi, duk waɗannan a tafi asibiti da takalmin da shimfiɗar a hannu, don likita ya ga inda suka lotse.