Hattara da mai ƙwan fitilar "garantin shekara biyu"

Jama'a, musamman teloli da 'yan kwamitin masallatai, ku yi hattara. Tun kafin azumi akwai wani mutum da ke bin shaguna da katan-katan na ƙwan LED a bayan babur, yana kuma tallarsu a zaurukan WhatsApp. A jikin kwali an rubuta wat 50, ga takardar garantin shekara biyu har da hatimi, kuɗin kuwa bai kai rabin na kasuwa ba.

Wayarin ne sana'ata, shi ya sa maƙwabcina tela ya kira ni. Dozin biyu ya saya. Wata uku bai cika ba hasken shagon ya dushe ya koma shuɗi-shuɗi, har ya yi wa shaddar mutane aiki da zaren da bai dace ba, don ido ba ya iya raba ruwan toka da ruwan bula a ƙarƙashinsa. Ya buga lambar da ke kan takardar, a kashe. Har yau.

Na sa mita a kan sabo guda, wat 12 yake ja. Na fasa wani, na tarar babu ko ƙyallin alminiyam a ciki, roba ce zalla da ɗan siririn faranti.

A nan cutar take. Ƙwayar da ke ba da haske a cikin farin LED shuɗi ne tsantsa take fitarwa. Ɗigon rawayan nan da za ka gani in ka cire murfi, shi ake kira fosfo, garin sinadari ne da ake kwaɓawa da silikon a shafa a kanta. Yana shanye wani kaso na shuɗin ya mayar da shi rawaya, haɗuwar biyun ce ido ke gani fari. Da haka kamfanin Nichia na Japan ya fito da farin LED a 1996. Fosfo mai kyau yana jure zafi, amma ko shi haskensa raguwa yake in abin ya yi yawa, silikon ɗin kuma ya ƙone ya tsage ya ɓanɓare, shuɗin ya leƙo. Aikin alminiyam shi ne janye zafin nan. To a cire shi, a rataye ƙwan ƙarƙashin rufin kwano a watan Afrilu, lokacin da zafin Kano ke haura digiri 40, me ake jira?

Ko a Amurka, wajen 2021, fitilun titi a garuruwa da dama sun koma shunayya saboda fosfo ya ɓanɓare. Sai dai can akwai kamfanin da za a riƙe. Shi wannan ko shago ba shi da shi.

In ya zo muku, ku ɗaga ƙwan a hannu tukuna. Wat 50 na gaske yana da nauyi. In kun ji shi sakayau kamar fankon ashana, ku mayar masa. Ku duba ko an rubuta lumen, wato ma'aunin yawan hasken da ƙwai ke bayarwa, don mai kirki yakan ba da 80 zuwa 100 a kowane wat. Tambarin SON, hukumar kula da ingancin kaya ta Najeriya, shi kaɗai kada ya ruɗe ku, kwali ba ya ƙin tawada. In kuma dole sai kun saya, ku ɗauki ɗaya ku gwada na wata guda, za ku ga yadda zai fara cewa sai dai dozin.

Ragowar katan ɗin na nan a shagon telan, wanda ke son gani da idonsa ya leƙa bayan magariba.