Bitar HandBrake: Dalilin Hawa da Saukar Sauri Wajen Juya Faifan DVD

Ga masu shagunan ɗaukar bidiyon biki a Kano da ke son mayar da tsofaffin faya-fayan DVD zuwa MP4, manhajar HandBrake ta cancanci yabo, domin kyauta ce, kuma tana iya ɗora nauyin aikin a kan katin hoto, wato ɓangaren kwamfuta mai sarrafa hoto da bidiyo, ta hanyar fasahar juya bidiyo ta NVENC ta kamfanin Nvidia ko Quick Sync ta kamfanin Intel. Ana yawan ƙorafin cewa saurinta ba ya tsayawa wuri ɗaya, amma a gwajin da na yi, galibin matsalar ba daga manhajar take zuwa ba.

Na'urar karanta faifai takan fara a hankali daga tsakiya, sannan ta ƙara sauri yayin da take nufar baki. Idan kuwa faifan fim ne mai hawa biyu, mai ɗaukar gigabait 8.5, saurin yakan sake raguwa a hawa na biyu. In faifan ya karce, sai ka ji na'urar tana gurnani tana maimaita karatu, katin hoton kuma yana zaman jira. Da na kwafe bidiyon cikin kwamfuta tukuna kafin in juya shi, sai saurin ya daidaita.

Abin da ya rage mini gamsuwa shi ne matatar gyaran layukan hoto, wato ɓangaren manhajar mai goge layukan da kan bayyana a bidiyon, wadda furosesa, ƙwaƙwalwar kwamfutar, ke ɗaukar nauyinta, ba katin ba, don haka takan rage sauri. Haka nan laftof takan rage ƙarfinta da zarar an ɗauke wuta ta koma batir, ko ƙurar hunturu ta toshe fankarta.