Kafin ka sayi injin tace ƙazamin ruwa a Maradi, tambayi wutar da yake sha

Kawuna yana gina makarantar kwana a bayan gari. Da gini ya yi nisa sai maganar ruwan makewayi da na wanka ta taso. Ya ajiye mini takardu biyu a kan tabarma, ya ce: "Ɗana, kai ka yi boko, duba mini. Wannan ta inji ce, waccan ta rami." Abin da na faɗa masa shi zan faɗa wa duk mai otal, asibiti ko makaranta da ke cikin wannan shawara.

Injin da ake tallatawa, mai hura iska cikin ruwa, ba sabon abu ba ne. A Mancesta ta Ingila aka gano dabarar a 1914: ana busa iska domin ƙananan halittun da ke cikin ruwan su samu numfashi su cinye dattin. Yana aiki sosai, ruwa ya fito ba wari, kuma ba ya cin fili. Sai dai busa iskar nan kaɗai kan lashe wajen rabin wutar da tashar tacewa ke sha, dare da rana. Mu kuwa mun san halin wutarmu. Daga Katsina layin ya taso, kuma ba mu manta da watan Agustan 2023 ba, lokacin da Najeriya ta yanke. Idan inji ya tsaya ƴan kwanaki, halittun su mutu, wari ya tashi, sai an ɗauki makonni kafin ya koma daidai. Gaskiya ne birnin Aarhus na Danmak yana da tashar da ke samar da wuta fiye da wadda take sha, amma gas suke cirowa daga lakar ruwan, da injiniyoyi tsaye a kai. Wanda filinsa ya matse a tsakiyar gari, kamar Sabon Gari ko Bagalam, yana iya sayen injin, muddin ya haɗa da farantan sola da batura, ya kuma ji daga bakin mai sayarwa kilowat nawa ne da inda ake samun kayan gyara.

Ramin siminti mai ɗaki biyu ko uku ba ruwansa da wuta, shi ya fi araha. Amma kada a ruɗe ka: kwantar da datti yake yi, ruwan da ke fita yana ɗauke da cuta. A nisanta ramin tsotsewa, wato inda ruwan ke shiga ƙasa, da rijiya kamar mita 30, a kira motar zuƙa duk shekara uku zuwa huɗu, a kuma bi diddigin inda take juyewa, kada ya zama Gulbi. Wanda ya ga kwalarar da ta taso daga Madarunfa a 2018 ba zai ɗauki wannan da wasa ba.

Ni dai zuciyata tana kan ramin gas. Tulu ne babba na bulo da siminti a ƙarƙashin ƙasa, rufe ruf, inda ƙazanta ke ruɓewa ba iska. Halittun da ke wannan aiki sun fi son zafi wajen digiri 35. Bature sai ya ƙona makamashi ya ɗumama musu, mu Allah ya ba mu kyauta. Gas ɗin yana kamawa da shuɗiyar wuta, ba hayaƙi, ba baƙin tukunya, ga shi itace ya yi tsada. Yana da sharuɗɗansa fa. Bayan gidan mutane kaɗai ba ya ba da gas mai yawa, sai an ƙara kashin shanu. Ruwan sabulu da maganin wanke masai suna kashe shi. Kuma magini ne komai: tsaga ɗaya kamar zare a rufin, gas ya tsere. Kada ka ba wanda bai taɓa ginawa ba, je ka ga aikinsa yana ci da idonka.

Mai fili da yawa kuma, akwai tafkuna a jere, irin na Kosodo a Wagadugu da Dandora a Nairobi. Rana da gansakuka ke tacewa cikin makonni uku zuwa huɗu, ba inji ko ɗaya. A ƙasarmu mai rairayi dole a daɓe gindin da yumɓu ko leda mai kauri, a yi shinge saboda yara, a riƙa nome ciyawar gefe saboda sauro. Ruwan ya dace da itatuwa, ban yarda a ba salati da ake ci ɗanye ba.

Kawu ya raba ruwansa biyu. Na makewayi zai tafi ramin gas, bututu ya kai kicin. Na wanka da alwala zai bi ta kwamin tsakuwa da aka shuka wa kacala, ya sauka gindin dogon yaro. Takardar injin ya mayar wa mai ita, ya ce a bari sai ya ga kuɗin sola.