Bashin uwa da 'ya: abin da na gani a Luksambok da Holan

Yaya, bayan gaisuwa da fatan kowa yana lafiya. Ka tambaye ni ta waya wace ƙasa ta fi jan jarin waje, Luksambok inda na yi shekara huɗu ina aikin akanta, ko Holan da na koma bana. Maganar ta fi ƙarfin waya, shi ya sa na zauna na rubuto.

Idan kamfanin waje ya mallaki aƙalla kashi 10 cikin 100 na ƙuri'ar wani kamfani, ana lissafa shi cikin masu zuba jari kai tsaye. Jarin nan kashi biyu ne, hannun jari da kuma bashi. Bashin shi ne aikina na kullum: uwar kamfani ta ranta wa reshenta, reshen ya ranta wa wani reshe a ƙasa ta uku. Kuɗin gida ɗaya ne ke zagayawa, amma kuɗin ruwan da ake biya ana cire shi daga riba kafin a yanka haraji. Nan gizo ke saƙa.

A 2019 masu bincike na Asusun Ba da Lamuni na Duniya sun ƙiyasta cewa dala tiriliyan 15, kusan kashi 40 cikin 100 na jarin waje na duniya, yana bi ne ta kamfanonin da babu komai cikinsu sai suna, kuma ƙasashen nan biyu ke riƙe da kusan rabinsa. Luksambok, mai mutanen da ba su kai 700,000 ba, tana da jarin waje na dala tiriliyan 4 a lokacin, kafaɗa da kafaɗa da Amurka. Ban yi mamaki ba. Na sha riƙe littafin kamfanin da ba shi da ko masinja, amma rancen da ke cikinsa ya isa a gina filin jirgi.

Inda ƙasashen biyu suka rabu shi ne ƙofar haraji. Dokar Tarayyar Turai da ta fara aiki a 2019 ta ce kuɗin ruwan da za a cire kada ya wuce kashi 30 cikin 100 na ribar aiki. Luksambok ta tsaya a nan, da rangwamen yuro miliyan 3, wato kuɗin ruwan da bai wuce haka ba ana cire shi duka. Holan ta ƙara matsewa: rangwamenta miliyan 1 ne, kuma a 2022 ta rage kason zuwa 20, kafin ta ɗan sassauta zuwa 24.5 a 2025. Tun Janairun 2021 kuma tana yankar haraji a kan kuɗin ruwan da ake tura wa reshen da ke ƙasar da harajin kamfanoninta bai kai kashi 9 ba. Luksambok kuwa, yawanci ba ta taɓa kuɗin ruwa mai fita waje. A Amstadam kowane rance sai an tambaye ni ina zai sauka, abin da ya ninka mini aiki, duk da a raina na san su ke da gaskiya.

Holan tana da tashar ruwa ta Rotadam da masana'antu na zahiri, don haka wani ɓangare na bashin yana zama a ƙasa, yana biyan ma'aikata. Abin da nake kewa a Luksambok shi ne bas da jirgin ƙasa, waɗanda suka zama kyauta tun 2020. A nan keke na saya.

A gaishe mini da Umma da yara.