Sharhina kan ɗaukar ɗan jagora zuwa kwarin Sabino, da macijin da ya tare mana hanya

Kai tsaye dai, in aka ce in ba su maki cikin biyar to huɗu zan bayar, kuma uku daga ciki na matar da ta yi mana jagora ne, kamfanin ɗaya kacal ya ci. Ina magana ne a kan wani ƙaramin kamfani mai kai mutane tattaki a duwatsun Tuson, jihar Arizona ta Amurka, da muka yi bukin da su a watan Afrilu, ni da yayana da ya zo min ziyara daga Gombe. Ba zan kama sunansu ba tunda akwai inda zan caccake su, kuma irinsu da yawa ne a garin, tsarin nasu duk kusan ɗaya.

Wurin da suka kai mu shi ne kwarin Sabino, a gindin duwatsun Santa Katalina arewa maso gabashin garin, cikin dajin gwamnati na Koronado. Mun bi hanyar Bear Canyon har zuwa Seven Falls, wani wuri da ruwa ke gangarowa daga dutse, zuwa da dawowa daga wajen fakin wajen kilomita 13 ne, kuma sai ka tsallaka rafi sau bakwai kafin ka kai. Gaskiyar magana ba don gudun ɓata ake ɗaukar ɗan jagora a nan ba, hanyar a fili take ga alamomi ga mutane har da masu goyo, dala 8 kawai zaka biya na fakin ka shiga abinka, akwai ma ƴar motar da ke rage wa mutum tafiya in ƙafa ta gaza. To mu da muka biya kusan dala ɗari kowannenmu me muka saya kenan? Ido muka saya, shi ne kawai, kuma ni dai naga amfaninsa.

Jagorar tamu dattijuwa ce, ta haura sittin a ganina, siririya, rana ta gama gasa mata fata, tana tafe da sanda biyu tana magana a hankali. Muna dab da tsallaka rafi na uku sai kawai ta miƙa sandarta ta tokare min ƙirji ba tare da ta ce uffan ba. Na duba gabana ni ban ga komai ba sai duwatsu da busassun ganye. Sai da ta nuna da haɓa sannan idona ya kama shi, maciji ne, irin wanda ake kira rattlesnake mai kacau-kacau a ƙarshen jela, a naɗe a inuwar wani falalen dutse daidai inda kowa ke dafawa da hannu in zai sauka bakin ruwa, kalarsa sak kalar ƙasar wurin, toka-toka da ruwan ƙasa, ga zanen daimon-daimon a bayansa, can wajen jela kuma zobe-zobe baƙi da fari kafin kacau-kacau ɗin. Abin da ya ɗaga min hankali shi ne ko motsi bai yi ba balle ƙara. Ashe ba dole ba ne ya kaɗa jelar, sau da yawa lafewa yake ya bari ka wuce.

Yaya kuwa mutumin karkara, tuni ya sunkuya yana laluben dutse, yana ce min "kai miƙo min sandar can in gama da shi". Nace "Yaya don Allah ka rufa mana asiri, nan ba gona ba ce". Sunkuyawar nan da ya yi ita ta tayar da macijin, ya ɗaga wuya ya lanƙwasa shi ya ja da baya, jelar ta miƙe tsaye, sai ƙara ta tashi, wani irin tsssss mai kauri da ba ya yankewa, har cikin haƙorana na ji shi. Yaya yace shi abin ya tuna masa da kububuwa in ta naɗe tana goga jikinta, sai dai wannan ya fi ta amo nesa ba kusa ba. Matar ta sa muka ja baya taku biyar muka tsaya ƙyam. Ba a yi minti uku ba ya sauke kai ya sulale ƙarƙashin dutsen. Shi kenan fa, babu jifa babu duka, muka kewaye ta ɗaya gefen.

Daga nan ne ta buɗe mana karatu, kuma wallahi nan kuɗina ya fita. Ta ce Arizona na da irin wannan maciji har kala 13, babu jihar da ta kai ta a Amurka. Kacau-kacau ɗin da irin abin da aka yi farcen mutum aka yi shi, ba tsakuwa ba ce a ciki, gaɓoɓi ne da suka saƙalu da juna suke bugun juna, duk saɓar da ya yi sai gaɓa ɗaya ta ƙaru, kuma tunda yana iya yin saɓa fiye da sau ɗaya a shekara gaɓoɓin kuma suna karyewa, masu ƙirga shekarunsa da su ɓata lokaci suke. Jariransu da gaɓa ɗaya tal ake haifarsu, saboda haka ko sun kaɗa ba zaka ji komai ba amma dafin yana nan. Tsakanin idonsa da hancinsa akwai ɗan rami da yake jin ɗumin jiki da shi, ko a duhu ya san inda ɓera yake. Saransa kuma bai cika wuce rabin tsawon jikinsa ba, in ka ba shi mita biyu ka fita daga hurumin sa. Ta ƙara da cewa da yawa daga waɗanda ake kaiwa asibiti a hannu aka sare su, wajen kamawa ko kashewa ko ɗaukar hoto, kuma ko an datse masa kai, kan yana iya sara bayan ya mutu. Yaya bai ce komai ba amma naga ya cusa hannu a aljihu.

Sun ɗan yi muhawara da shi kan abin yi in an sari mutum, ni ina tafinta. Shi abin da ya tashi ya gani shi ne a ɗaure sama da wurin tamau, a tsaga, a tsotse ko a manna baƙin dutse, sannan in abu ya ƙi a nufi asibitin Kaltungo. Ita kuwa ta ce ko ɗaya kar a yi, ba ɗauri ba tsagawa ba tsotsa ba ƙanƙara, don dafin wannan macijin, nama yake ci, in ka ɗaure ka tara shi wuri ɗaya sai a rasa ƙafar gaba ɗaya. A cire zobe da agogo kafin kumburi, a zana iyakar kumburin da biro a rubuta lokaci, a kira lambar agajin gaggawa 911, magani ɗaya ne shi ne allurar kashe dafi, a Amurka CroFab da Anavip ake amfani da su. Alƙaluman CDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, sun nuna mutum 7,000 zuwa 8,000 macizai masu dafi ke sara a ƙasar duk shekara, masu mutuwa kuma wajen 5 ne. Mutuwa kam ba ta da yawa, amma takardar kuɗin asibiti na iya kaiwa dubban daloli masu yawan gaske, saboda haka duk wanda zai kawo baƙo daga gida ya tabbatar ya yi masa inshorar tafiya kafin ya kai shi daji. Can cikin kwarin netwok ɗina ɗaukewa ya yi, ita kuma tana rataye da ƴar na'urar kiran agaji ta tauraron ɗan adam, wannan ma na sa shi a lissafi.

Yanzu bari in zo kan kamfanin. Mun yi da su za su ɗauke mu ƙarfe shida, muka yi asuba muka shirya muka zauna, motar ba ta zo ba sai bakwai saura, kuma duk wanda ya san Tuson ya san sanyin safiyar nan shi ne jarin mai tattaki, kafin mu juyo rana ta take. Ruwa gora biyu ƙanana suka ba kowa, a tafiyar da ta ci awa biyar, a hamada. Allah ya sa na taho da lita uku a jaka. Abinci kuma tun wajen bukin na rubuta ɓaro-ɓaro ba ma cin alade, da muka zauna bakin ruwa muka buɗe sanwic sai ga shi a ciki. Matar ta ji kunya sosai ta ba mu dabino da gyaɗarta, alhali ba laifinta ba ne, ofis ne suka haɗa.

Sai kariyar ƙwauri da suka tallata mana har dala 15 kowanne haya, wadda ake ɗaurawa daga idon sawu zuwa gwiwa wai haƙorin maciji ba ya huda ta. Ƙila ba ya hudawa ɗin, ban gwada ba kuma ba na fata. Amma tauri gare ta, ga zafi, gumi ya jiƙe min safa sharkaf, maɗaurin kuma ya goge min bayan gwiwa har ya yi ja. Ita kanta jagorar ba ta saka ba, dogon wando ne da but mai rufe idon sawu. Da na tambaye ta sai ta ce ga mai kutsawa cikin ciyawa ko mai farauta tana da amfani, amma a hanya shararriya irin wannan kallon inda zaka sa ƙafa da inda zaka dafa ya fi. Macijin da muka gani ma ai daidai hannu yake ba daidai ƙwauri ba. Inda ta yi min rana ɗaya ne, wani kaktos (tsiron hamada mai ƙaya) mai suna coya da gaɓarsa ke ɓallewa ta manne wa mutum da an ɗan goge shi, ya kama ni a ƙafa, ƙayar ta tsaya a kariyar, matar ta zaro matajin kai daga aljihu ta ɓamɓare shi da shi. Matajin nan na dala ɗaya yanzu ba ya barin jakata.

Ruwan da muka je gani yana da kyau, yana gangarowa hawa-hawa cikin tafkuna, ga dogayen kaktos ɗin sawaro a jikin dutse waɗanda wasu sun haura shekara 150. Mutane dai sun yi yawa. Kar a je daga Yuli zuwa Satumba in hadari ya haɗu, ruwan sama na iya sauka can kan dutse ambaliya ta same ka a kwari alhali inda kake rana ake.

Wanda ya saba da hamadar nan ya riƙe kuɗinsa ya je da kansa. Baƙo kuwa, ko mai tafiya da yara ko da irin Yaya mai saurin ɗaukar dutse, ya ɗauki jagora ko sau ɗaya ne, amma ya tambaya tun a waya wa zai ja su, shekara nawa ya yi a aikin, yana da na'urar kiran agaji, ruwa lita nawa za a bayar. A kuma ware ɗan ihsani na jagora don ba ya cikin kuɗin bukin. Na rubuta musu ƙorafi washegari, sun ba da haƙuri sun mayar min da kuɗin hayar kariyar ƙwaurin, na abincin dai sun ce suna dubawa, har yau shiru.