Wane Maganin Daɓe Ya Dace da Ɗakinka: Siminti, Jan Bulo ko Marmara

Kafin ka shiga shagon masu fenti neman abin da zai hana daɓen ɗakinka tashin ƙura da kama tabo, fara sanin ko ƙasan na tsatso danshi. Yanki leda kamar santimita 45 kowane gefe, ka liƙe ta da salatif a kan simintin, ta kwana. Idan ka ɗaga ka tarar da raɓa ko wurin ya yi duhu, to ruwa na hawowa daga ƙasa, galibi don magini bai shimfiɗa leda ba kafin ya zuba kankare. Da damina ake wannan gwaji, domin da rani kowane daɓe lafiyayye ne. Sabon siminti kuwa, a ba shi kwana 28 tukuna.

Kayan da ake sayarwa iri biyu ne: masu kwanciya a sama su yi fata, da masu nutsewa cikin daɓen.

A masu kwanciya a sama, epoxy ne ake yayi yanzu, kuma ina ganin an cika zuzuta shi. Yana da ƙarfi, baƙin mai da manja ba sa ratsa shi, shi ya sa ya dace da gareji, sito da ɗakin girki. Amma ba ya barin daɓe ya yi numfashi. A kan siminti mai danshi sai ya yi ƙuraje ya riƙa ɓarewa, kuɗi ya tafi a banza. Gwangwani biyu ake haɗawa, kuma da an gauraya ya fara daskarewa. A zafin watan Afrilu irin na Sakkwato ko Maiduguri yana iya sandarewa a bokiti kafin mai aiki ya kai tsakiyar ɗaki. Inda rana ke shigowa ta taga, a hankali zai koma ruwan ɗorawa. Ga santsi idan ya jiƙe, abin lura ga gida mai tsofaffi ko inda ake alwala.

Acrylic ya fi araha, yana bushewa da wuri, kai ma za ka iya shafa shi da rola. Sai dai yashin da takalma ke kwasowa da hunturu yana goge shi, bayan shekara ɗaya zuwa uku a sake. Ka nemi mai haɗin ruwa don cikin ɗaki. Mai haɗin tina warinsa na hawa kai. Polyurethane ya fi su jure karce, ya fi tsada, kuma yawanci a kan epoxy ake ɗora shi.

Masu nutsewa ba sa sheƙi, shi ya sa mai saye kan ga kamar an cuce shi. Wanda aka rubuta silane ko siloxane a jikinsa yana hana ruwa shiga amma yana barin danshi ya fita. Shi ne na jan bulo, wanda idan aka rufe shi da fata sai farin gishiri ya taru a ƙarƙashi ya yi dabbare-dabbare. Silicate kuma na simintin da ke fitar da gari ne duk sanda aka yi shara: yana haɗuwa da sinadarin laim ɗin cikinsa ya ƙara masa tauri, amma ba ya hana tabon mai. Dabarar ba baƙuwa ba ce a wurinmu, tunda makubar ɗorawa da mata ke yayyafa wa daɓen ƙasa ita ma jiƙa shi take yi.

Marmara da tarazo suna da wata matsalar daban. Ruwan tsami na cin su: lemon tsami, tsamiya, zoɓo. Maganin nutsewa zai jinkirta tabon mai, amma ba zai hana tsami dusashe sheƙin ba, don haka kada ka bari masu wankin tayil su kusance su da asid. Dutsen giranit mai duhu sau da yawa ba ya bukatar komai. Ɗiga masa ruwa. Idan bayan minti goma bai sha ba, riƙe kuɗinka.

Duk wanda ka zaɓa, duba murabba'in mita nawa lita ɗaya ke rufewa, ka ƙara lissafi idan jan bulo ne, domin ya fi siminti sha.